Yadda Ake Gane Irin Silin da Ke Cikin Yadin da Ba a Saƙa Ba

Takunkumin rufe baki da hanci, da rigar da likita ke sanyawa a ɗakin tiyata, da fatar saman kunzugun jarirai da audugar mata, da tsumman goge jiki mai laima, da jakar da ake raba wa mahalarta biki, duk dangi ɗaya ne. Ana kiran su yadi, amma babu wanda ya taɓa hawa masaƙa. Ba a kaɗa zarensu ba, ba su da zaren tsaye balle na kwance. Silin zare ne aka baza kamar yadda ake baza shiɓaɓɓiyar auduga, sannan aka haɗe shi da zafi, ko da gam, ko da sukar allurai, ko da ƙarfin feshin ruwa, har ya zama shimfiɗa guda. Ƙungiyar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta keɓe wa wannan dangi ma'anarsa a ƙa'idarta mai lamba ISO 9092, inda ta raba shi da saƙa da kuma takarda.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Mutanen da suka zauna a tsaunukan Altai na Saiberiya sun bar shimfiɗu na dunƙulallen gashin tumaki a kaburburan Pazyryk, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000, ana kuma ajiye da su a gidan tarihi na Hermitage da ke Rasha. Abin da ya sauya a ƙarni na 20 shi ne shigowar silin roba. An samu nailan a 1935 a ɗakin binciken kamfanin DuPont ƙarƙashin Wallace Carothers, foliyesta ta biyo baya a 1941 a hannun Whinfield da Dickson a Ingila, sai folifurofilin da Giulio Natta na Italiya ya haɗa a 1954. Wannan na ƙarshe shi ne ya mamaye harkar a yau, domin yana da araha, ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa, kuma yana narkewa a zafin da bai kai na sauran ba.

Tambayar da ke gaban mai saye da jami'in kwastan da ma'aikacin asibiti da mai sake sarrafa shara ita ce: da wane sili aka yi wannan abu? Ido kaɗai ba ya amsa ta. Farin tsumma na auduga da na biskos da na foliyesta suna iya zama kamar an tsaga kara, alhali ɗaya zai ruɓe a ƙasa cikin watanni, ɗaya kuwa zai shekara aru-aru yana nan.

Abin da ya sa aikin ya fi na saƙaƙƙen yadi wuya

Mai son sanin asalin atamfa ko shadda sai ya zaro zare ɗaya daga gefe, ya warware shi, ya gwada. A yadin da ba a saƙa ba, babu zaren da za a zaro. Silin a manne yake da juna, wani lokaci ma ya narke ya zama ɗigo-ɗigo na roba a wuraren da abin matsi mai zafi ya taɓa. Wannan ita ce matsala ta farko, kuma ita ce mafi sauƙi.

Ta biyu ita ce hawa-hawa. Takunkumin tiyata na yau da kullum hawa uku ne, rigar tiyata kuwa takan kasance hawa uku da aka manne har suka zama kamar ɗaya. Kunzugun jariri ya fi haka: akwai fatar da ke taɓa jiki, da shimfiɗar da ke rarraba fitsari, da cikin da aka cusa ɓargon itace da garin da ke tsotse ruwa, sannan ledar baya. Wanda ya yanki gefe ɗaya ya gwada shi a dunƙule, sakamakon da zai samu gauraye ne da ba ya nuna komai.

Ta uku ita ce abin da aka shafa wa silin. Yadin da aka haɗa da gam yana ɗauke da wani kaso mai yawa na gam ɗin a nauyinsa, kuma gam ɗin yana da nasa wari idan ya ƙone, yana da nasa hali a cikin sinadari. Tsumman goge jiki jiƙe yake da ruwan sabulu da turare da maganin hana ruɓa. Shi kansa folifurofilin da ba ya shan ruwa, akan shafe shi da wani sinadari don ruwa ya ratsa shi idan za a yi fatar kunzugu da shi, sai ya riƙa nuna halin da ba nasa ba.

Ta huɗu, wadda ta fi ruɗa ko da ƙwararru, ita ce sili mai riɓi biyu. Akwai silin da aka ƙera da roba iri biyu, ɗaya a ciki kamar ɓargo, ɗaya a waje kamar bawo. Bawon yakan zama foli'etilin mai saurin narkewa, cikin kuma folifurofilin ko foliyesta. Idan aka busa iska mai zafi, bawon ya narke ya manne silin da maƙwabcinsa, cikin ya tsaya da ƙarfinsa. Irin wannan ne ke ba fatar wasu kunzugu laushin nan da ake yi wa kallon auduga.

Saboda haka duk bincike na gaskiya da tsarkake samfuri yake farawa. A raba hawa-hawan da hannu ko da ɗan hantsaki, a wanke kowane hawa a busar da shi, a cire maiƙo da gam da sinadarin da ya dace, sannan a gwada kowanne shi kaɗai.

Abin da ido da hannu ke iya faɗa

Kafin a kunna wuta ko a buɗe kwalbar asid, fuskar yadin kanta tana ba da labarin yadda aka yi shi, yadda aka yi shi kuwa yana rage yawan waɗanda ake tuhuma. Jakar biki da fatar wajen takunkumi suna da ƙananan ɗigo a jere, kamar an buga su da hatimi. Wannan alama ce ta cewa an narkar da roba, an zuƙo ta dogayen silla marasa yankewa, an baza su a kan bel, sannan aka bi ta kansu da abin matsi mai zafi. Auduga da biskos da gashin tumaki ba sa narkewa, don haka ba za a iya yin wannan aiki da su kaɗai ba. Da ganin ɗigon an san akwai roba, abin da ya rage shi ne wace iri.

Hawan tsakiya na takunkumi daban yake: fari fat, mai santsi kamar takarda, marar ƙarfi, yana yagewa cikin sauƙi. Shi ana yin sa ne ta hanyar fesa narkakkiyar roba da iska mai zafi da gudu, sai ta tsinke ta zama silla masu tsananin siranta. Van Wente ne ya fara bayyana dabarar a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka a shekarun 1950, lokacin da ake neman matatar da za ta kama ƙurar gwajin makaman nukiliya a sararin sama. Kaurin irin wannan sili yakan tsaya tsakanin maikuron 1 zuwa 5, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na jakar biki yakan kai maikuron 15 zuwa 35, gashin kan mutum kuma kimanin 70.

Yadi mai kauri da gashi-gashi, irin na shimfiɗar cikin mota da wanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin hanya don riƙe ƙasa, da allurai masu ƙaya aka sarƙe shi. Tsumman goge jiki mai laushi da ke miƙewa ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, da ruwa aka sarƙe shi. Waɗannan hanyoyi biyu suna karɓar kowane irin sili, kuma a cikinsu aka fi yin gauraye, saboda haka a nan ne ido ke gazawa.

A nan ya kamata a raba wasu abubuwa da ake yawan haɗawa. Buhun shinkafa da na taki da jakar da ake kira Ghana-mos-go duk na roba ne, amma saƙaƙƙu ne, ana ganin tsaye da kwancensu ƙarara. Haka ma jar hular da ake yi a Tunisiya, wadda kasuwarta ta daɗe da kaiwa Nijar da Najeriya: a ido kamar dunƙulallen gashi ce, amma da saƙa ake fara ta kafin a dake ta a ruwa har idon saƙar ya ɓace.

Gwajin ruwa

Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi yadda ake zato amfani. Kowane sili yana da nauyinsa idan aka kwatanta shi da ruwa. Idan aka ɗauki ruwa a matsayin 1, folifurofilin yana kan 0.91, foli'etilin ɗan sama da haka amma bai kai 1 ba, nailan 1.14, akirilik kimanin 1.17, gashin tumaki kimanin 1.31, foliyesta 1.38, biskos da auduga kuwa sun ɗan haura 1.5. Cikin sillan da aka saba amfani da su, biyun farko ne kaɗai ke tasowa saman ruwa.

Sharaɗin shi ne a kori iska. Guntun foliyesta da aka jefa a kofi zai iya yini yana yawo a sama saboda iskar da ta maƙale tsakanin sillansa. Sai an ɗiga ɗan ruwan sabulu, an matse guntun a cikin ruwan har ya jiƙe sharkaf, sannan a sake shi a ga inda zai nufa. Idan ya nutse, ana iya ƙara mataki: ruwan da aka narkar da gishiri a ciki har ya ƙi karɓa yana kai nauyin kusan 1.2, don haka nailan da akirilik za su taso a cikinsa, foliyesta da auduga su zauna a ƙasa.

Akwai abin da ke ɓata wannan lissafi. Wasu masana'antu kan cuɗa garin farar ƙasa a cikin folifurofilin don rage kuɗin kaya, musamman a jakunkuna masu araha. Idan garin ya yi yawa, yadin zai nutse ko da asalinsa mai tasowa ne. Ana gano wannan ta hanyar ƙona samfurin ƙurmus: roba zalla ba ta barin toka ta a-zo-a-gani, mai garin kuwa tana barin farar toka da ke tafasa idan aka ɗiga mata asid.

Gwajin wuta

Shi ne gwajin da 'yan kasuwar yadi suka fi sani, kuma idan aka yi shi da natsuwa yana raba sillan gida uku. Ana riƙe ɗan guntu da hantsaki, a kusantar da shi ga harshen wuta a hankali, a lura da abu huɗu: yadda yake yi kafin wutar ta taɓa shi, yadda yake ci, warin hayaƙinsa, da abin da ya bari. A yi shi a sarari, a kan faranti na ƙarfe, da ruwa a kusa, domin narkakkiyar roba idan ta ɗiga a fata mannewa take yi.

Gidan farko na tsirrai ne: auduga, biskos, ɓargon itace, rama. Ba sa gudun wuta, suna kamawa nan take, suna wari irin na takardar da ta ƙone, suna barin toka mai laushi, kuma bakinsu yakan ci gaba da ja bayan an hure wutar. Gida na biyu na dabbobi ne, wato gashin tumaki da alharini. Suna ci a hankali, sukan mutu da kansu, warinsu na babbakar gashi ne, abin da suka bari kuma baƙin dunƙule ne da ke murƙushewa tsakanin yatsu.

Gida na uku na roba ne, kuma alamarsu ta farko ita ce tsukewa: tun kafin wuta ta taɓa su suke janyewa suna naɗewa. Folifurofilin yana narkewa yana ɗiga, da wari irin na kyandir, ya bar dunƙule mai tauri mai hasken launi. Foliyesta tana fitar da baƙin hayaƙi mai kunkunniya da wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi, ta bar baƙin dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa. Nailan yakan bar dunƙule mai ruwan toka, da ƙyar yake riƙe wuta. Akirilik yana ci da ƙarfi da wari mai hawa kai. Abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwanni, mafi yawansa akirilik ne, kuma gwajin wuta na minti ɗaya ya isa ya nuna cewa tunkiya ba ta san da zamansa ba. Silin gilashi, wanda ake samu a wasu matatun iska da kayan rufin gini, ba ya ci sam.

Iyakar gwajin a bayyane take. Ba ya raba auduga da biskos, domin asalinsu ɗaya. Ba ya faɗin kaso a yadin da aka gauraya: tsumma mai biskos da foliyesta zai yi warin takarda, ya kuma bar ɗan dunƙule a cikin toka, daga nan sai hasashe. Maganin hana kama wuta da gam suna sauya halin yadi baki ɗaya.

A lokacin annobar korona an yi ta yaɗa cewa ana gane takunkumi na gaske ta hanyar ƙona hawansa na tsakiya. Rabin maganar gaskiya ne. Idan hawan ya ci kamar takarda ya bar toka, to ba folifurofilin ba ne, an yi algus. Amma narkewarsa ba ta tabbatar da ingancinsa, domin ƙarfin tacewar ya dogara ne ga sirantar silin da kuma cajin lantarkin da aka ɗora masa, wanda ke janyo ƙananan ƙwayoyi kamar yadda maganaɗisu ke jan ƙusa. Peter Tsai na Jami'ar Tennessee ne ya inganta wannan dabara a shekarun 1990, ita ce kuma ginshiƙin takunkumin N95, wanda sunansa ke nufin yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin gwaji. Wuta ba ta auna caji. Wanki da sabulu ko jiƙawa da sifirit suna kashe shi, alhali silin yana nan yadda yake.

Ƙarƙashin madubin ƙara girma

Inda wuta ta tsaya, nan madubi ke karɓa, kuma a kan sillan da Allah ya halitta babu abin da ya kai shi. Silin auduga kamar ƙyallen ribon yake, shimfiɗaɗɗe mai murɗewa nan da can, idan aka yanka shi a gicciye kuma siffarsa ta ƙwayar wake ce mai rami a tsakiya. Gashin tumaki yana da ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi, waɗannan ɓawon ne ma ke sa shi sarƙewa idan ya haɗu da ruwan zafi da murza. Biskos miƙaƙƙe ne mai layi-layi a tsawonsa, gefen yankansa kuma kamar haƙoran zarto. Ɓargon itace gajere ne, mai faɗi, da ƙananan ramuka a jikinsa. Da wannan ake warware rigimar auduga da biskos cikin ɗan lokaci.

Sillan roba kuwa duk kamar sandar gilashi suke, santsi ba alama, kuma masana'anta na iya ba su siffar da ta ga dama, zagayayye ko mai kusurwa uku ko mai rami. Siffa ba shaida ba ce a kansu. Abin da ke taimakawa shi ne madubi mai tace haske ta fuska ɗaya, inda foliyesta ke bayyana da launuka masu ƙarfi fiye da nailan da folifurofilin, akirilik kuwa ya fito dishi-dishi. Yankan gicciye shi ne kuma ke tona asirin sili mai riɓi biyu, a ga bawo a ga ciki. Akwai rinin gwaji da ake tsoma samfuri a ciki, kowane sili ya ɗauki launinsa, sai dai ba ya aiki a yadin da aka riga aka rina.

Narkarwa da sinadari

Kowane sili yana da sinadarin da ke cinye shi ya ƙyale sauran, kuma a kan wannan aka gina gwajin da hukumomi ke dogara da shi. Asiton, wanda mata suka sani a matsayin abin goge jan farce, yana narkar da asitet. Ruwan bilic mai ƙarfi yana cinye gashin tumaki da alharini. Asid ɗin fomik yana narkar da nailan. Wani sinadari da ake taƙaita sunansa da DMF yana narkar da akirilik idan aka ɗumama shi. Asid ɗin salfa mai ƙarfin kashi 60 cikin 100 yana cinye biskos ya bar auduga, idan ya kai kashi 70 zuwa 75 kuma ya haɗa da audugar. Abin da ya tsira daga duk waɗannan, ko dai foliyesta ce, ko folifurofilin da ɗan'uwansa, ko gilashi. Tafasasshen zailin yana narkar da folifurofilin ya bar foliyesta.

Jerin yana da muhimmanci. Asid ɗin salfa mai ƙarfi ba auduga kaɗai yake ci ba, yana cin nailan da alharini da asitet, don haka wanda ya fara da shi ya rufe wa kansa hanyar sanin wanne ne ya ɓace. Daga mai sauƙi ake farawa zuwa mai tsanani. Wannan aiki na ɗakin gwaji ne mai na'urar zuƙe hayaƙi da safar hannu da tabarau, ba na kicin ko shago ba.

Da wannan hanya ake fitar da kaso. Jerin ƙa'idojin ISO 1833 da na ƙungiyar masana sinadaran yadi ta Amurka mai lamba 20 da 20A sun shimfiɗa matakan: a tsarkake samfuri, a busar da shi a zafin digiri 105 na Salshiyos, a auna, a narkar da sili ɗaya, a wanke ragowar, a busar, a sake aunawa. A ƙaddara busasshen tsumma mai giram 1 ya koma giram 0.7 bayan an jiƙa shi a asid ɗin salfa, madubi kuma ya riga ya nuna biskos da foliyesta ne a ciki. Ke nan kashi 70 foliyesta ne, 30 biskos. Bayan haka akan yi gyaran laima, domin a iskar ɗaki auduga tana riƙe ruwa kimanin kashi 8 na nauyinta, biskos 11 zuwa 13, foliyesta ba ta kai rabin kashi ɗaya ba, folifurofilin kuwa kusan babu. Wanda ya auna samfuri a damina a Fatakwal ba tare da busarwa ba, da wanda ya auna shi a hunturu a Sakkwato, ba za su samu lamba ɗaya ba.

Na'urori

Zafin da roba ke narkewa a kai shaida ce mai ƙarfi. Foli'etilin yana narkewa tsakanin digiri 110 zuwa 135 gwargwadon irinsa, folifurofilin wajen 160 zuwa 165, nailan mai lamba 6 wajen 220, nailan 66 da foliyesta kuma wajen 255 zuwa 260. Na'urar DSC tana ɗumama ɗan mitsitsin samfuri a hankali tana rubuta inda ya shanye zafi. Idan ta nuna tudu biyu, ɗaya a 130 ɗaya a 255, an san akwai foli'etilin da foliyesta tare, madubi ne zai faɗa ko a sili ɗaya suke ko gauraya aka yi.

Na'urar FTIR tana haska samfuri da hasken da ido ba ya gani, kowane sinadari kuma yana shanye wani sashe na hasken, sai a samu zane da ya zama kamar tambarin yatsa. Cikin minti biyu take raba foliyesta da folifurofilin da nailan ba tare da lalata samfuri ba. Rauninta shi ne, a yadda aka fi amfani da ita, fatar sama kawai take karantawa, zurfin maikuron ɗaya ko biyu. A sili mai riɓi biyu bawon za ta gani, a yadi mai gam kuma gam ɗin. Shi ya sa ƙwararren mai bincike ba ya sa hannu a sakamako sai hanyoyi biyu ko uku sun yi ittifaƙi.

Inda amsar ke da tsada

A asibiti, kuskure kan sili na iya hana kayan tiyata tsarkaka. Na'urorin da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururin haidurojin feroksaid ba sa jituwa da mayafin da ke da auduga ko ɓargon itace, domin yana shanye tururin kafin ya kai ga kayan. Mayafin folifurofilin ko Tyvek ake bukata. Shi kuma Tyvek, wanda DuPont ta fara sayarwa a 1967, foli'etilin ne, don haka zafin da ke kusa da digiri 135 yana lalata shi.

Injiniyan hanya yana da nasa lissafi. Foliyesta tana raunana idan ta daɗe a wuri mai kaifin alkali, kamar jikin ɗanyen kankare, folifurofilin kuwa yana jure wannan amma rana ce ajalinsa idan ba a sa masa kariya ba. Duk wanda ya bar jakar biki a bayan mota ko a tsakar gida na 'yan watanni ya ga yadda take zama gari. Tela ma abin ya shafe shi: dutsen guga a zafin auduga yana kaiwa wajen digiri 200, wanda ya isa ya narkar da folifurofilin ya manne shi a ƙasan dutsen.

A tashar jiragen ruwa, jadawalin kwastan na duniya ya ajiye dunƙulallen yadi a lamba 56.02, sauran yadin da ba a saƙa ba a 56.03, inda aka sake raba su bisa ko dogon silin roba ne ko waninsa, da kuma nauyin kowace murabba'in mita, a kan iyakokin giram 25 da 70 da 150. A Najeriya, ingancin irin waɗannan kaya yana ƙarƙashin Hukumar SON, kayan asibiti kuma ƙarƙashin NAFDAC. Ɗanyen kayan ma ana samar da shi a gida, domin masana'antar Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas tana yin folifurofilin da foli'etilin.

Mafi girman rigimar ta muhalli ce. A 2017 aka gano wani curin maiƙo da tsummoki a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250, tsumman goge jiki masu silin roba ne kuma suka zame masa ƙashin baya. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2019 da ta wajabta sanya alamar cewa akwai roba a jikin fakitin irin waɗannan tsummoki da audugar mata, ta fara aiki a Yulin 2021. Kenya, wadda ta haramta ledar cefane a 2017, ta wayi gari kasuwanninta sun cika da siraran jakunkunan folifurofilin da jama'a ke ɗauka yadi ne. A 2019 hukumar muhallinta ta sanar da haramta su, lamarin da ya kai gaban kotu. Ko takardar da ake ƙunshe ganyen shayi a ciki, wadda akan yi da silin abaka, wani dangin ayaba na Filifin, sau da yawa akwai ɗan folifurofilin a cikinta don bakin ya manne da zafi.

Sai kuma batun rubutun da ke jikin fakiti. Kayan da ake tallatawa da sunan na gora ne, kusan dukkansu biskos ne: an narkar da itacen gorar a sinadari, aka sake zuƙo shi sili, ta hanyar da Cross da Bevan da Beadle suka yi wa rajista a Ingila tun 1892. A 2022 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanonin Walmart da Kohl's biyan tarar dala miliyan 5.5 a tsakaninsu saboda sayar da biskos da sunan gora. Madubi yana iya tabbatar da cewa sili biskos ne, amma da zarar itace ya narke ya koma sili, gwaje-gwajen da aka ambata ba sa iya nuna ko daga gora ya fito ko daga turare, sai dai a bi takardun masana'antar da ta yi shi.